Doki 25 a kan fam 900: tarihin ƙara wa mota wuta da sa hannun kamfani

1/ Makon jiya wani ƙanena da ke aiki a Ingila ya turo min saƙo da tsakar dare. Ya sayi ƙaramar mota mai wuta, saura shekara biyu garantinta ya ƙare. Dila ya ce masa akwai ƙarin ƙarfi da kamfani ya amince da shi, a saka, garanti na nan daram. Wani mai gareji a unguwarsu kuma ya ce zai ba shi ninkin wannan ƙarfin a rabin kuɗin. Ya ce min, "Yaya, wanne zan yi?"

2/ Na ce ya ba ni kwana biyu. Tambayar nan ta girme shi, ta girme ni. Ta haura shekara 60 a duniya, kuma ɗan wani mai kamfanin tafireta ne ya fara samo mata amsa a Jamus. Ku gyara zama, zaren na da tsawo 🧵

3/ Farkon shekarun 1960. BMW ta fito da wata mota mai ƙofa huɗu, 1500, mai ƙarfin doki 80. Mutane suka yi rububinta. Ba a jima ba, a 1963, sai ga kamfanin ya fito da 1800 mai doki 90. Jiki iri ɗaya, amma ta fi gudu. Waɗanda suka riga suka sayi 1500 suka ji kamar an yi musu wayo. Kun san yadda mutum ke ji in ya sayi waya yau, gobe a fito da sabuwarta.

4/ Akwai wani matashi, Burkard Bovensiepen. Babansa na da masana'antar tafireta mai suna Alpina a garin Kaufbeuren, kudancin Jamus. Shi dai ba ruwansa da tafireta, inji ne a ransa. Ya haɗa wa 1500 kafireto biyu na kamfanin Weber maimakon guda ɗaya da take zuwa da shi. Iska da fetur suka ƙara samun hanya, motar ta tashi daga doki 80 zuwa 90. Ta kamo 1800 ke nan ba tare da ka sake mota ba.

5/ A wancan zamanin masu irin wannan aikin sun yi yawa a Turai. Kowane gari da nasa gwanin. Abin da ya raba Bovensiepen da su ya faru a 1964: BMW ta gwada kayansa, shugaban sashen cinikinta Paul Hahnemann ya amince, aka ce duk motar da aka saka wa kayan Alpina garantinta na kamfani bai tashi ba.

6/ Ku tsaya a nan tukuna. Doki goma ba wani abin a zo a gani ba ne, wani ma zai iya ba ka goma sha biyar. Amma kafin wannan ranar, in ka taɓa inji ya buga, kai da aljihunka ne. Bayan ranar, in ya buga, BMW ce za ta gyara. Takardar nan ita ta gina Alpina. Ranar 1 ga Janairu 1965 ya yi wa kamfaninsa rajista, a 1983 hukumar motoci ta Jamus ta amince da Alpina a matsayin mai ƙera mota, ba mai gyara kawai ba.

7/ Su AMG ta wata hanyar suka bi, mai nisa. Hans Werner Aufrecht da Erhard Melcher injiniyoyi ne a Mercedes, suna aikin injinan tsere. A 1967 suka buɗe nasu wurin a wani tsohon gidan niƙa a Burgstall. A na Aufrecht, M na Melcher, G na Großaspach, garin da aka haifi Aufrecht. Wannan tambarin da ake liƙa wa C300 a Abuja don burga, asalinsa ke nan 😅

8/ A 1971 suka ɗauki 300 SEL, ƙatuwar motar da manyan 'yan kasuwa da ministoci ke hawa, suka faɗaɗa injinta zuwa lita 6.8, doki 428, suka shafa mata jan fenti suka kai ta tseren awa 24 na Spa a Beljiyam. 'Yan kallo suka yi ta dariya, aka raɗa mata suna Jar Alade. Ta zo ta biyu a gasar gaba ɗaya, ta ɗaya a ajinta. Dariya ta ƙare.

9/ Duk da wannan suna, sama da shekara 20 AMG na zaman kanta. Ka sayi Marsandi, ka kai Affalterbach inda suka koma a 1976, su yi maka aiki, cinikin tsakaninka da su ne. Sai a 1990 aka sa hannu a yarjejeniya, kayan AMG suka fara shiga shagunan dilolin Mercedes. 1993 aka fito da C 36 AMG, mota ta farko da suka ƙera tare, doki 280. 1999 Mercedes ta sayi kashi 51. 2005 ta haɗiye sauran.

10/ Riƙe wannan tsarin a ranka, za ka sake ganinsa: mai gareji ya nuna akwai kasuwa, kamfani ya sa masa hannu, a ƙarshe kamfani ya saye shi. Ita ma Alpina haka ta ƙare, a 2022 BMW ta sanar da sayen sunan.

11/ A Amurka kuwa doka ce ta shigo cikin maganar. Janairun 1975 Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar Magnuson-Moss. A taƙaice: kamfani ba zai soke maka garanti don kawai ka saka kayan da ba nasa ba. Sai in kayan ne suka jawo lalacewar. Ka canza salansa, gilashin ƙofa ya daina hawa, dole su gyara gilashin.

12/ Samari da yawa a intanet suna ɗaga wannan dokar kamar laya. To ai ka karanta ta da kyau. In ka ƙara wa turbo matsin iska, fistin ya fashe, wane wahala kamfani zai sha wajen nuna alaƙa? Su ke da injiniyoyi, su ke da lauyoyi. Kai kana da sikirinshot. Kuma dokar ta Amurka ce, ba ta bin mota in ta hau jirgin ruwa.

13/ Duk wannan zamanin na ƙarfe ne. Ƙarin ƙarfi na nufin kwance inji, a goge, a faɗaɗa, a canza kaya. Aiki mai tsada, kuma duk bakaniken da ya buɗe bonet zai gani da idonsa. Abin da ya juya komai shi ne kwamfuta.

14/ A 1979 Bosch ta saka Motronic a BMW 732i, kwamfuta guda da ke lura da fetur da wutar fulogi tare. Ita ce kakar abin da kanikawanmu ke kira birenbos. A cikinta akwai ɗan cip mai ɗauke da jadawali: in inji na juyi kaza, ƙafa ta taka kaza, zuba fetur kaza, kunna wuta a lokaci kaza. Ba a daɗe ba masu wayo suka gane cewa in ka zare cip ɗin ka saka wani mai sabon jadawali, mota ta canza hali.

15/ Daga 1996 Amurka ta wajabta wa sababbin motoci wannan soket ɗin da ke ƙasan sitiyari, OBD-II, wanda ake jona na'ura a duba cutar mota. Turai ta biyo baya. An yi shi ne don lura da hayaƙi. Amma ƙofa ƙofa ce. Ta nan masu tiyunin suka koma shiga su sake rubuta jadawalin, ko sukurudireba ba sa ɗauka.

16/ Sai turbo ya zo ya cika ladan. Injin da ba turbo, iskar da ya iya zuƙa da kansa ita ce iyakarsa, ko ka kwana kana wasa da kwamfuta abin da za ka samu kaɗan ne. Mai turbo kuwa tura masa iskar ake yi, kuma kwamfuta ce ke cewa "ya isa haka". Ka ce mata ta ƙara haƙuri kaɗan, iska ta ƙaru, fetur ya ƙaru, doki ya ƙaru. Shi ya sa mai garejin unguwa zai iya yi wa ƙanena alkawarin da ya yi, kuma ba ƙarya yake ba.

17/ To me ya sa tun farko kamfani bai saki ƙarfin duka ba? Nan ne gishirin maganar.

18/ Injiniya a Jamus ko Japan ba don kai kaɗai yake ƙera inji ba. Inji ɗaya zai je Norway cikin ƙanƙara, zai je Dubai cikin zafi. Wani zai zuba masa fetur mai kyau, wani abin da ya samu. Wani zai canza baƙin mai a kan lokaci, wani sai fitila ta gaji da kunnuwa. Wani zai ɗaura masa tirela ya hau dutse. Ga dokar hayaƙi, ga ta ƙara. Kuma duk wanda injinsa ya buga cikin garanti, kamfani ne zai biya. Don haka suke barin rata tsakanin abin da inji zai iya da abin da suka bar shi ya yi.

19/ Wannan ratar ita mai tiyunin ke sayar maka. Bai ƙirƙiri komai ba, ajiyar da aka yi don ranar wahala ce ya fasa. Wani lokaci ratar na da faɗi, ka ci rabi lafiya lau har motar ta tsufa. Wani lokaci inji zai jure amma kuloci ba zai jure ba, ko giya, ko lagireto. Wanda ya san faɗinta daidai shi ne wanda ya ƙera, don shi ya kashe ɗaruruwan injuna a ɗakin gwaji kafin ya san inda suke karyewa.

20/ Kamfanoni suka mayar da martani ta hanya biyu, sanda da alawa. Sandar: kwamfutar mota ta koyi tona asiri. A Volkswagen da Audi, in aka jona motarka a wurin dila aka ga manhajar injin ba ta dace da ta kamfani ba, sai a yi wa lambar motar alama, TD1. Alamar na zama a rumbun kamfani, ba a motar kawai ba. Dabarar "zan mayar da ta asali kafin in je sabis" ba kullum take ci ba.

21/ Alawar kuwa ita ce dabarar Hahnemann ta 1964, aka kakkaɓe mata ƙura. Tunda mutane sai sun yi, gara mu sayar musu da kanmu.

22/ Mini ta fara da sunan John Cooper, mutumin da motarsa ta cinye tseren Monte Carlo a 1964, 1965 da 1967. Ya rasu a 2000, ɗansa Mike ya ci gaba da John Cooper Works. A 2003 suka fito da kayan da ke ɗaga Cooper S daga doki 163 zuwa 200, daga baya 210. Aikin ƙarfe ne sosai, har kan injin ake canzawa. Dila ne ke sakawa, garanti na nan. Bayan 'yan shekaru BMW, mai Mini, ta sayi sunan. Na gaya muku za ku sake gani.

23/ Volvo ma haka da Polestar: ƙungiyar tsere ce a Suwidin, ta koma rubuta wa motocin Volvo manhajar ƙarin ƙarfi da dila ke sakawa, a 2015 Volvo ta saye ta.

24/ Amma misalin da na fi so, don lambobinsa a fili suke, shi ne na Ford da Mountune a Ingila. David Mountain ya kafa Mountune a 1980, sun daɗe suna haɗa wa Ford injinan tsere. Sai Ford ta amince dilolinta su riƙa saka wasu kayan Mountune ba tare da garanti ya tashi ba.

25/ Fiesta ST ta 2013. Lita 1.6 da turbo, a takarda doki 182. Kayan Mountune mai suna MP215, sabon akwatin iska, filta da sabuwar manhaja, wajen fam 600, ya kai ta 215. Ka ce doki 33, ko? Dakata.

26/ Motar tun daga kamfani tana da wata dabara: in ka take totur har ƙasa, tana ba ka doki 200 na 'yan daƙiƙu kafin ta koma 182. Shi kuma 215 ɗin Mountune a irin wannan lokacin aka auna shi. Wato a daidai lokacin da kake son wuce tirela, bambancin doki 15 ne. Fam 40 kowane doki, ba fam 18 ba. Talla ba ta yi ƙarya ba, ta dai zaɓi lambar da za ta ɗora a gaba.

27/ Duk da haka 'yan jaridar mota na Birtaniya sun yaba shi sosai, kuma dalilinsu ba dokin ba ne. Ƙarfin ja ne, wanda ya tashi daga 290 zuwa 320 Nm. Shi ne abin da ke manna bayanka da kujera in ka taka a giya ta huɗu ba tare da ka sauko ba. Doki na labarin majalisa ne, ƙarfin ja shi kake ji kullum a titi.

28/ Ga abin dariyar. A 2016 Ford da kanta ta fito da Fiesta ST200: doki 200, in ka take 215, ƙarfin ja 320. Lambobin Mountune sak. An ƙara mata gyaran giya da na ƙafafu da fenti na musamman, farashi ya haura da dubban fam. Wanda ya biya 600 shekara uku kafin nan yana gefe yana murmushi.

29/ Babbar yayarta, Focus RS ta 2016, lita 2.3, doki 350. Kayan da Ford ta amince da su, FPM375, wajen fam 900, doki 375. Daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa: daƙiƙa 4.7 ta koma 4.5. Biyu bisa goma na daƙiƙa. Ƙifta ido ka gani, ta wuce.

30/ Gudun ƙarshe fa? Iska ce ke tare mota, kuma turjiyarta na ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa, nesa ba kusa ba. A lissafi, ƙarin ƙarfi kashi 7 zai ba ka ƙarin gudu wajen kashi 2 ne kacal. Motar da ke yin 266 za ta yi wajen 272. A ina za ka gwada? Ingila iyakar babban titi mil 70 ne, wajen kilomita 113.

31/ Abin lura: Mountune ɗin nan tana sayar da manyan kaya, M400 ga Focus RS, MR230 ga Fiesta. Kamfani ɗaya, injiniyoyi ɗaya. Amma waɗannan Ford ba ta sa musu hannu ba. Ka ga inda aka ja layi ke nan. Daga 350 zuwa 375 Ford ta ce "na ɗauki nauyi". Daga nan zuwa sama ta ce "Allah ya kiyaye hanya".

32/ Shi ya sa kayan da ke da garanti kullum suke zama 'yan kaɗan kuma da tsada. Ba rowa ba ce zalla. A cikin kuɗin akwai gwajin da aka yi, akwai rabon dila, akwai kuɗin injunan da za su buga nan gaba. Inshora ce aka naɗe ta cikin akwatin iska.

33/ Kuma Focus RS ɗin ce ta nuna amfanin inshorar. Masu motocin farko suka fara ganin ruwan lagireto na raguwa, farin hayaƙi na fita ta salansa da safe. Gaskit ɗin kan inji ne. A farkon 2018 Ford ta amsa akwai matsala a motocin da aka ƙera daga 2015 zuwa tsakiyar 2017, ta kira su a duba a canza kyauta, wasu har da kan injin.

34/ Laifin daga masana'anta yake, ba ruwan tiyunin. Amma ka ɗauka kai ne a 2017, kafin kamfani ya amsa, ka shiga wurin dila da farin hayaƙi. In FPM375 ce a motarka, takardarka a hannu, magana ta ƙare. In manhajar mai garejin unguwa ce, daga kanta za a fara muhawara, kuma kai ne za ka yi ta rantsuwa cewa ba ita ba ce. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

35/ Mutane na tunanin haɗarin tiyunin shi ne ya fasa inji. E, yana yi. Amma haɗarin da ya fi yawa shi ne wani abu daban ya lalace, wanda da ma zai lalace, sai tiyunin ɗinka ya zama hujjar da za a ƙi biya.

36/ Wani tarko: kalmar "da garanti" ba abu ɗaya take nufi ba. Akwai inda mai ƙera motar ne ya ce nasa garantin na nan, kamar Alpina a 1964 ko MP215. Akwai kuma inda mai tiyunin ne ya ce in kamfani ya ƙi, ni zan biya. Dinan, da Steve Dinan ya kafa a Kaliforniya a 1979 don motocin BMW, a kan haka ya yi suna. Na biyun ma abu ne mai kyau, amma ƙarfinsa daidai ƙarfin wanda ya yi alkawarin ne. In ya rufe shago, takardar ta zama ta ƙunshin ƙosai. Ka tambaya: sunan wa ke ƙasan takardar?

37/ Sai inshora. A Birtaniya ko da kamfani ne ya amince, dole ka sanar da masu inshorarka, kuma suna iya ƙara maka kuɗi. Ka ɓoye, ka yi hatsari, su gano, sai su zame. A Jamus in kayan ba su da takardar amincewa, sai TÜV ta duba an shigar a takardun mota, in ba haka ba izinin hawa titi ma na iya faɗuwa.

38/ To ga abin da na gaya wa ƙanena. Mai garejin unguwa, a cire shi daga lissafi muddin garanti na da rai. Shekara biyu na kariya a kan inji da giya sun fi duk dokin da zai ba ka daraja. Araha ba ta ado.

39/ Na dila kuma, na ce ya tambayi kansa gaskiya: motar ta taɓa gaza maka? In ka taɓa taka ta har ƙasa ka ji kana neman ƙari a tsakiyar giya, kuma za ka riƙe ta shekaru, saya, kuma saya yanzu. Kowane wata da ya wuce, rabin abin da kake biya wa kuɗi, wato kariyar, yana narkewa, farashin kuma bai sauka ba. Mai saura wata uku a garanti da ya biya kuɗin dila, ya sayi lema ne ana gab da ɗauke ruwa.

40/ In kuwa don lambar ce, don a ce 375 maimakon 350, wallahi tayoyi masu kyau za su fi canza masa motar. Doki bai da amfani in roba ba ta kama ƙasa ba. Ni ra'ayina ke nan, masu son lamba ku yi haƙuri.

41/ Abu ɗaya da ke rage wa kayan kamfani daraja ko bayan garanti ya ƙare: shaida. Sa hannun na nufin waɗanda suka san inda injin ke karyewa sun duba sun ce nan ba a kai ba. Ranar sayarwa ma, mota mai takardar dila daban take da wadda aka ce "wani gaye ne ya yi mata aiki".

42/ Na san wasu na cewa, mu da muke hawa 'yan Kwatano ina ruwanmu? Garantin motarmu ya mutu tun tana hannun Bature na biyu. Gaskiya ne. Amma ku koma lamba 18. Ratar nan da injiniya ya bari don zafi, don ƙura, don fetur maras tabbas, don wa kuke zaton aka bar ta? Mu ne fa. Watan Afrilu a Sakkwato, ga go-sulo, ga iya-kwandishan a kunne.

43/ Yawancin manhajojin tiyunin na Turai an rubuta su ne da zaton mai oktan 98 ko kusa da haka. A can kana zaɓa a famfo. Mu a gidan mai fetur kala ɗaya ne, abin da tanka ta kawo shi za ka sha. In oktan ya yi ƙasa, iska ta yi zafi, matsi ya yi yawa, fetur na kamawa da kansa ba a kan lokaci ba, yana dukan fistin. Kwamfuta za ta ji ta janye wuta, ƙarfin da ka biya ya tafi. In kuma mai manhajar ya rage mata wannan kariyar, sai dai ka ji labari a gareji.

44/ Don haka in za ka sayi 'yar Beljiyam mai turbo, dillali ya ce maka "an ma yi mata tiyunin, Alhaji, tashi take", wannan ba dalilin ƙara kuɗi ba ne. Dalilin ragi ne. Sa a jona na'ura a duba, in da hali a mayar da ta asali.

45/ Saura babi na ƙarshe, wanda ake rubutawa yanzu. Disambar 2019 Tesla ta tura wa masu Model 3 mai mota biyu saƙo a waya: biya dala 2,000, motarka ta koma kai mil 60 a daƙiƙa 3.9 maimakon 4.4. Ba gareji, ba dila, ba filta. Ka danna, ka kwana, ka tashi da sabuwar mota. Polestar, wadda yanzu ta zama kamfanin motar lantarki, ta yi irinsa wa Polestar 2: doki 68 a kan wajen yuro 1,000.

46/ Bovensiepen ya kawo kafireto biyu da ba su cikin motar. Mountune ko ba komai ta kawo akwatin iska. Nan kuwa duk abin da ke ba da ƙarfin yana cikin motar tun ranar da ka biya kuɗinta. Kwaɗo aka saka, ake sayar maka da makulli.

47/ A ƙarshen 2022 aka ga Mercedes ta sa wa masu motocinta na lantarki EQE da EQS a Amurka farashin ƙarin ƙarfi na shekara-shekara, dala 1,200. Surutu ya yi yawa, da aka fara sayarwa sai aka sauko da shi aka ƙara zaɓin biya sau ɗaya. A 2025 Volkswagen ta yi wa ID.3 haka a Birtaniya: doki 201 ne, in kana son 228 ka biya fam 16.50 duk wata, ko 649 gaba ɗaya. Kamar DStv. Ka daina biya, dokinka 27 su koma barga.

48/ Ta fuskar garanti, wannan ya fi kowanne tsafta, don kamfanin ne da kansa. Ta fuskar ciniki kuwa tambayar ta juye. Da ana tambaya ko injin zai jure ƙarin. Yanzu an san zai jure, don da ƙarfin aka ƙera shi. Abin tambaya shi ne ko farashin farko da ka biya na motar duka ne ko na wani ɓangarenta.

49/ Kuma motocin nan ba a Turai za su mutu ba. Nan da shekara goma wasunsu za su sauka Kwatano da Legas, su hau tirela zuwa Kano. Wadda mai ita na farko ya biya gaba ɗaya, Volkswagen ta ce ƙarfin na bin motar ne, ba mutumin ba. Wadda ake biya wa wata-wata kuwa za ta iso da kwaɗonta a kulle, asusun na wani mutum a Manchester da ya manta da ita.

50/ Ƙanen nawa dai ya je ya canza tayoyi huɗu ranar Asabar. Ya ce zai hau ta wata ɗaya a haka kafin ya koma wurin dila. Mai garejin unguwar har yanzu yana kiransa.